Ƙwaron Ƙurar Ɗaki Da Ciwon Sarƙewar Numfashi

An rubuta wannan takarda domin masu gida da matan gida na ƙasar Gaya da Ajingi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure ko a tsakar gida, a hankali, don maganar tana da ɗan tsawo.

A kusan kowane ƙauye akwai mutumin da zai yini a gona lafiya lau, amma da ya kwanta, can tsakar dare ko gab da asuba, sai tari ya tashe shi. Ƙirjinsa ya ɗaure kamar an ja masa igiya, numfashi yana fita da ƙyar yana fito kamar kukan 'yar kyanwa. Akwai kuma yarinyar da ba ta iya kakkaɓe shimfiɗa sai ta yi atishawa goma a jere, hanci yana zuba, idanu sun yi ja suna ƙaiƙayi. Mutane su ce mura ce. To, wace irin mura ce wadda ba ta zuwa da zazzaɓi, ba ta kama kowa a gidan, kuma ba ta warkewa shekara da shekaru? Waɗansu su ce sanyi ne ya shige shi, waɗansu su ce iska ce, waɗansu ma su ce sammu. Ciwon ƙirjin nan shi ne likitoci ke kira asma, na hanci da ido kuwa ɗan'uwansa ne. Abubuwa da yawa suna tayar da su, amma babba daga cikinsu yana cikin ɗakin da muke kwana.

Kafin mu ci gaba, sai mu raba abu biyu da ake gamawa. Tun da can Hausawa suna ce da sarƙewar numfashi fuka, yanzu kuwa in an ce tarin fuka ana nufin tibi. Ba ɗaya ba ne. Tibi ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana ɗaukarsa daga wani, yana zuwa da rama da gumin dare da zazzaɓi, wani lokaci da jini cikin kaki. Asma ba a ɗaukarta. Kana iya cin abinci ƙwarya ɗaya da mai ita, ka kwana ɗaki ɗaya da shi, ba abin da zai same ka. Amma duk wanda ya yi mako biyu yana tari, ya tafi a auna kakinsa. Awon tibi da maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati.

Wane ne wannan ƙwaro?

Ba kuɗin cizo ba ne, ba ƙuma ba ce, ba kwarkwata ba ce. Waɗannan duk ana ganinsu, kuma suna cizo. Ƙwaron ƙura ba ya cizo, ba ya shan jini, ido kuma ba ya ganinsa sai da madubin likita. In aka jera su kai da gindi, sai wajen 80 kafin su cika inci ɗaya. Ƙafafunsa 8, watau dangin kaska ne da gizo-gizo, kuma ɗan'uwan ƙwaron da ke kawo ƙazuwa.

Abincinsa ɓawon fatar mutum. Kowa ya san yadda fata ke yin fari-fari da hunturu, in ka sosa ta zuba kamar dusa. Haka take zuba kullum, rani da damina, ko mun gani ko ba mu gani ba. Inda ta fi taruwa kuwa shi ne inda muka fi daɗewa: katifa, matashin kai, bargo, kafet, kujerar kushin, da tsofaffin tufafi da aka cusa cikin akwati ko ƙarƙashin gado. Nan ƙwaron ke zama, ya ci, ya haihu. Yana yin wata 2 zuwa 3 a duniya.

Ga wani abu game da shi wanda ya kamata kowa ya riƙe. Ƙwaron nan ba ya shan ruwa. Laimar da ke cikin iska yake tsotsa ta jikinsa. Saboda haka in iska ta bushe ƙwarai, kamar yadda take yi a ƙasarmu daga Disamba zuwa Maris, yawancinsu sukan mutu. Waɗanda suka shige can cikin katifa, inda gumin mai barci da numfashinsa ke jiƙa ta kowane dare, su ne ke tsira. Da ruwa ya sauka, iska ta yi laima a Yuli da Agusta da Satumba, sai su yi ta yaɗuwa.

Ba ƙwaron kansa ne ya fi cutarwa ba, kashinsa ne. Kowane ɗaya yana yin kashi kamar ƙwaya 20 a yini, ƙanana ƙwarai, marasa nauyi. In aka kakkaɓe bargo, ko aka faɗa kan katifa, ko aka yi shara a bushe, sai su tashi cikin iska, kāna su sauka bayan kamar rabin awa. Mai barci kuwa hancinsa yana kan matashi dare farai, yana ta shaƙa.

An daɗe ana sane da cewa ƙurar ɗaki tana tayar wa waɗansu mutane ciwo, amma ba a san mene ne a cikinta ba. Sai a 1964 wani likita a garin Laidin na ƙasar Holan, Reindert Voorhorst, tare da Frits Spieksma da matarsa Marise, suka nuna cewa ƙwaron nan ne. A 1981 masu bincike a Ingila suka nuna cewa kashinsa ne ya fi ɗauke da abin da ke tayar da ciwon.

Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne. A Zariya, nan kusa da mu, Dokta David Warrell da abokan aikinsa sun duba masu asma 106, suka buga abin da suka gani a 1975. Sun ɗebi ƙurar katifu suka duba, suka sami ƙwaron a ciki. Kuma kusan rabin marasa lafiyan sun ce ciwonsu ya fi tsanani da damina. Wannan ya yi daidai da halin ƙwaron da muka faɗa.

Me ya sa wani ke ciwo, wani ba ya yi?

A nan ne maganar take. Mutum biyu suna kwana kan katifa ɗaya, suna shaƙar ƙura ɗaya, ɗaya yana minshari, ɗaya yana zaune yana neman numfashi. Bambancin ba a ƙurar yake ba, a jikinsu yake.

Ka ɗauki jikin mutum kamar gari mai ganuwa. A cikin jini da tsoka akwai ƙwayoyi masu rai, ƙanana ƙwarai, iri-iri, aikinsu tsaron garin. Akwai masu gadin ƙofa, akwai manzanni, akwai masu yanke shawara, akwai maƙera, akwai mayaƙa. Ba su da baki, amma suna magana da juna. Maganarsu kuwa ta waɗansu sinadarai ce da ɗaya ke fitarwa ɗaya ya karɓa. Likitoci suna kiran da yawa daga cikinsu intalukin, sun ba kowanne lamba, kamar yadda ake ba wasiƙa lamba a ofishin hakimi. Lafiyar mutum tana rataye ga wannan magana. In saƙo ya tafi daidai, a yaƙi maƙiyi a bar baƙon kirki ya wuce. In saƙo ya karkace, sai gari ya tashi da yaƙi a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ganuwar ita ce wata fata mai laushi da ta lulluɓe cikin hanci da maƙogwaro da hanyoyin iska har cikin huhu. Ƙwayoyinta a jere suke kamar tubali, an ɗinke tsakaninsu tsam. Yawancin ƙura ba ta iya wucewa. Majina ce ke kama ta, a fyace ko a haɗiye, shi ke nan.

Kashin ƙwaron ƙura ba haka yake ba. A cikinsa akwai ruwan da ƙwaron ke narkar da abincinsa da shi. Likitoci suna kiran mafi shahara daga ciki Der p 1, na irin ƙwaron da aka fi samu a katifun Zariya kuma Der f 1. Matan gida sun san in nama ya yi tauri akan naɗe shi cikin ganyen gwanda ya yi laushi. To, abin da ke cikin kashin ƙwaron nan dangin abin da ke cikin gwanda ne, kuma aikinsu iri ɗaya, watau yanka nama. In ya sauka kan jiƙaƙƙen cikin hanci ko huhu, sai ya narke, ya tsinke ɗinkin da ke tsakanin tubalan. An nuna wannan a 1999. Ganuwa ta sami kafa ke nan.

Akwai na biyu, Der p 2, wanda ya fi wayo. A jikin ganuwa akwai wata ƙararrawa da aka tanada domin ƙwayoyin cuta. Wannan abu ya yi kama da wani yanki na ƙararrawar, har yana iya shiga wurinsa ya sa ta kaɗa. A 2009 aka gano haka. Watau kamar mutum ne ya sa rigar dogari ya shiga gari yana ihu, "Ga mahara nan!" alhali ba kowa.

Da ganuwa ta ji rauni, ƙararrawa kuma ta kaɗa, sai ƙwayoyin ganuwa su saki saƙon kuwwa, babba daga ciki shi ne mai lamba 33. Ƙarƙashin ganuwa akwai wata ƙwaya mai rassa kamar saiwar bishiya, ita ce manzo. Sai ta tsinci guntun abin da ya shigo, ta ɗauka ta kai kaluluwa. Kaluluwar nan da kake ji a wuya ko a hammata ko a cinya in ka ji ciwo, ba cuta ba ce, majalisa ce. Akwai irinta da yawa cikin ƙirji. A can ne ƙwayoyin da ake kira T suke zaune, su ne masu yanke shawara.

Ga mai lafiya, majalisa takan duba ta ce, "Wannan ƙura ce kawai, a ƙyale." Akwai ma waɗansu ƙwayoyin T da aikinsu ke nan, kamar dattawan sulhu, suna fitar da saƙo mai lamba 10, mai cewa kowa ya mai da wuƙarsa kube. Amma ga wanda jikinsa ke da saurin bori, manzo yakan iso da kuwwa a bayansa, sai majalisa ta yanke hukuncin yaƙi. Ta aika da saƙo uku: lamba 4, lamba 5, da lamba 13.

Lamba 4 wurin maƙera take zuwa, watau ƙwayoyin B. Mutanen Gaya ba sa bukatar a gaya musu aikin maƙeri, tun da labarin kafuwar Kano ma da maƙeran Gaya ya fara. Maƙeran jiki suna ƙera wani irin tarko da ake kira IgE, kowanne daidai da abin da aka ƙera shi dominsa, kamar makulli da kwaɗo. Tarkon ƙwaron ƙura ba ya kama komai sai kashin ƙwaron ƙura. Wani likita Bajapane, Kimishige Ishizaka, da matarsa Teruko, su suka gano wannan tarko a Amurka a 1966, waɗansu masana kuma a ƙasar Suwidin suka same shi kusan lokaci ɗaya.

Tarkunan nan sai su bi jini su je su manne a jikin waɗansu ƙwayoyi da ake kira mast, waɗanda ke zaune cikin hanci da ido da huhu da fata. Kowace ƙwayar mast cike take da 'yan jakunkuna na sinadari mai zafi, kamar bindigar toka da aka ɗura aka ɗana a bakin gona. Duk wannan yana faruwa mutum bai ji komai ba. Yana iya ɗaukar watanni ko shekaru. Shi ya sa uwa takan ce, "Ai tun yana jinjiri kan katifar nan yake kwana, me ya sa sai yanzu?" Dā ana ɗura bindiga ne, yanzu ta tashi.

Ran da kashin ƙwaro ya sake shigowa ya taɓa tarko biyu a lokaci ɗaya, sai ƙwayar mast ta fashe jakunkunanta. Abin da ke fita na farko shi ne histamin, da waɗansu 'yan'uwansa. Cikin 'yan mintoci hanci ya kumbura ya fara zuba, atishawa ta zo, ido ya yi ja. In a fata ne sai ƙaiƙayi da borin jini. In a huhu ne, naman da ya kewaye hanyoyin iska sai ya matse, cikinsu ya kumbura, majina mai kauri ta cika sauran wurin. Iskar da ke bi ta hanya mai faɗi yanzu tana bi ta tsinken kara. Fiton da kake ji ke nan.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma saƙo mai lamba 5 ya riga ya tafi ɓargo, ya kirawo waɗansu mayaƙa da ake kira iyosinofil. Su ba su da sauri, sai bayan kamar awa 4 zuwa 8 suke cika wurin. In sun iso sai su zuba gubarsu, ita kuwa ba ta san ƙura ba, ba ta san huhu ba, ganuwar take ƙara ci. Lamba 13 kuma tana sa a yi ta yin majina, tana sa hanyoyin iska su zama masu saurin fushi. Saboda haka mace tana iya yin shara da hantsi, ta yi 'yar atishawa ta wuce, ciwon kuwa ya kama ta da dare, ba wanda zai tuna da tsintsiya.

In ana haka kullum, huhu ba ya samun hutu. Ganuwa ba ta gama warkewa sai a sake fasa ta. Daga nan duk abin da ya zo sai ya tayar da ciwo, ko da ba ƙwaron ƙura ba ne: hayaƙin itace, turaren wuta, maganin sauro na ƙonawa, taba, sanyin asuba, gudu, mura, da hazon hunturu. Hazon nan daga hamadar ƙasar Cadi iska ke kwaso shi, ƙasa ce tsantsa, amma mai miki ko yaya aka taɓa shi sai ya ji. Don haka mai asma a ƙasarmu yana da lokacin wahala biyu: damina saboda ƙwaro, hunturu saboda hazo da sanyi da rufe ɗaki da garwashi a ciki. In kuma aka yi shekaru ba magani, bangon hanyoyin iska yakan yi kauri ya ƙi komawa yadda yake.

Wani zai tambaya, me ya sa aka yi jiki da irin wannan runduna mai ɓarna? Masana suna ganin asalin aikinta yaƙi da tsutsar ciki ne da tsargiya da irinsu. Tsutsa ta fi ƙarfin a haɗiye ta, sai dai a zuba mata guba, a kore ta da majina da tari da gudawa. Ita ma tsutsa da irin ruwan nan mai yanka nama take huda jiki, shi ya sa jiki ke ruɗewa. A ƙasar Gabon, a shekarar 2000, an ga yara masu tsargiya ba su cika nuna borin ƙwaron ƙura a fatarsu ba, domin tsutsar tana sa jiki ya yawaita saƙo mai lamba 10 don ta zauna lafiya. Na faɗi wannan don a gane yadda abin ke aiki ne. Kada wani ya hana ɗansa maganin tsutsa saboda shi. Tsargiya tana lalata mafitsara, tsutsa tana shanye jinin yaro.

Saurin borin nan yana bin jini. In uwa ko uba suna da asma ko atishawar ƙura, ɗa ya fi kusa da samu, in su biyu ne ya fi kusa ƙwarai. Amma ba tilas ba ne, kuma ba laifin kowa ba ne. Ba dalili ba ne na fasa aure, ko na hana yaro makaranta.

Abin da za a yi a gida

Sai in faɗi gaskiya tun da wuri. Ba wanda zai iya raba ɗakinsa da ƙwaron nan ƙaf, ko a birnin London. Likitoci sun gwada hanyoyi da yawa, sun ga tsabta ita kaɗai ba ta warkar da asma. Tana rage abin da ake shaƙa ne, in aka haɗa hanyoyi da yawa aka dawwama a kai. Magani kuwa yana nan a matsayinsa.

Mu a nan muna da abin da mutanen Holan ba su da shi, watau rana. Zafi da bushewa suna kashe ƙwaron da ƙwansa. Kai mai gida, a fitar da katifa da matashi da bargo a shanya su a rana tsaka, awa 3 ko fiye, a juya ɗaya gefen, ko da sau ɗaya a mako. Da damina, duk ran da rana ta buɗe, kada a bari ta wuce. Amma rana ba ta kawar da kashin da ya riga ya taru. Sai a bubbuge da sanda a waje, nesa da ƙofa, kuma ba mai ciwon ne zai yi bugun ba.

Ke uwar gida, zanen gado da rigar matashi a wanke su kowane mako. Ruwan sanyi da sabulu yana wanke yawancin kashin, amma ba ya kashe ƙwaron. Ruwan da ke kashe shi sai wanda hannu ba ya iya daɗewa a ciki. Ki tafasa, ki zuba a bokiti, ki jiƙa kayan su ɗan jima, sa'an nan ki wanke. Gidan sauro mai magani kaɗai ne ba a yi wa haka. Shi da ruwan sanyi ake wanke shi, a shanya a inuwa, don kada maganinsa ya mutu. Kuma kada a daina kwana cikinsa. Ya fi maganin sauro na ƙonawa ga mai asma nesa ba kusa ba.

Katifar da aka lulluɓe da leda mai kauri, aka shimfiɗa zane a kai, ta fi wadda take tsirara, don ana iya goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Tsohon matashin rimi ko na auduga wanda aka gada tun na kaka, a sake shi. Na sani kafet da labule masu nauyi da kujerun kushin su ne adon ɗakin amarya yanzu, kuma ba mai son a ce ɗakin 'yarsa ya kasa na wata. Amma in amarya ko angonta suna da wannan ciwo, tabarma ko ledar ƙasa ta fi musu alheri. Iyayenmu da suke kwana kan tabarmar kaba da gadon kara, suna fitar da su rana kullum, ba su ba ƙwaron nan masauki kamar yadda muka ba shi ba.

Kafin shara a yayyafa ruwa. A buɗe taga da ƙofa. Mai ciwon ya fita, kada ya komo sai bayan rabin awa. In ita ce mai sharar ba mai taimaka mata, ta ɗaure hanci da baki da ƙyalle. Ɗakin da ba taga, a huda masa. Kada a ajiye buhunan gero da dawa da wake a ɗakin kwana, domin hatsi yana da nasa irin ƙwaron, ɗan'uwan wannan, kuma yana jawo kyankyaso da ɓera, su ma suna tayar da asma. Sussuka da shiƙa da shiga rumbu, in da hali a ɗauke wa mai ciwon.

Magani

Wanda ya gane labarin saƙonnin nan zai gane magani. Na atishawa da ƙaiƙayi, irin su Piriton da setirizin da loratadin, suna tare histamin ne kawai. Suna taimakon hanci da ido da fata, ba sa buɗe ƙirji. Piriton yana sa barci, ɗan acaɓa da direba su kula.

Na ƙirji iri biyu ne, duka na shaƙa, waɗanda ake kira inhela. Na farko salbutamol, yawanci shuɗi ne. Yana saki naman da ya matse cikin 'yan mintoci. Mutane suna sonsa don suna jin aikinsa nan take, amma bai taɓa majalisa ba, bai taɓa mayaƙa ba, yaƙi yana nan yana ci a ciki. Na biyu, irin su beklometason da budesonid, shi ne ke shiga ya kashe saƙon lamba 4 da 5 da 13 tun daga tushe. Ba a jin aikinsa ran farko, sai an yi kwanaki ko mako biyu, saboda haka da yawa sukan ce ba ya aiki su ajiye. Kuskure ne babba. Tun 2019 masanan asma na duniya suka daina ba da shawarar babba ya dogara ga shuɗin shi kaɗai. Wanda ke bukatar shuɗi fiye da sau biyu a mako, ko ciwo ke tashinsa da dare, ya je babban asibitin Gaya ya nemi a duba shi a kan na biyun. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi Kano, asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Bayan shaƙar na biyun a kurkure baki a zubar.

Ana cewa wai wanda ya fara inhela ba ya rabuwa da ita, wai tana raunana zuciya, wai ta wanda ya kusa mutuwa ce. Ba haka ba ne. Abin da ke shiga jiki ta inhela kaɗan ne ƙwarai in an gwada da ƙwaya ko allura, kuma kai tsaye yake zuwa inda ciwo yake. Mai ciki ma kada ta daina sai likita ya ce, don in uwa ba ta sami iska ba, ɗan cikinta ma bai samu ba.

Yaro ƙarami ba ya iya haɗa fesawa da shaƙa. A sami gorar ruwa ta roba mai rabin lita, a wanke ta da sabulu a bar ta ta bushe, a huda gindinta daidai bakin inhela, a cusa ya zauna tsam. Yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa, a fesa sau ɗaya, ya yi numfashi 5 ko 6, kāna a sake. Likitocin yara a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu sun gwada wannan a 1999, suka ga tana aiki kamar wadda ake saya. Manya ma ta amfane su. A ɗakin shan magani za a nuna muku yadda ake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin deksametason da firednisolon da ake saye a kemis ko a tiren masu talla ran kasuwa. Gaskiya ne suna kwantar da asma, likita ma yana ba da su na 'yan kwanaki in ciwo ya yi tsanani. Amma wanda ya mai da su abin sha kullum, fuskarsa za ta kumbura, jininsa ya hau, ciwon sukari ya kama shi, ƙashinsa ya yi rauni. Wanda ya riga ya daɗe yana sha, kada ya yanke rana ɗaya, wannan ma haɗari ne, ya zo a rage masa a hankali. Maganin tari mai kodin ba ya yi wa asma komai, gwamnati ma ta hana shi tun 2018. Waɗansu masu asma kuma asfirin da ibufurofen da diklofenak suna tayar musu da ciwo. Wanda ya taɓa ganin haka ya gaya wa duk mai ba shi magani.

Akwai sababbin allurai da ke kama tarkon IgE ko su tare saƙo mai lamba 5 ko 4 da 13, akwai kuma hanyar da ake ba mutum ɗan kaɗan na ƙwaron ƙura shekara 3 ko fiye har jikinsa ya saba. Suna da tsada ƙwarai, kuma yawancin masu asma ba sa bukatarsu.

Yaushe za a gaggauta zuwa asibiti?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da asma, 455,000 suka mutu, yawancinsu a ƙasashe marasa ƙarfi, inda inhela ke wuyar samu kuma asibiti ke da nisa. Mutumin Toranke ko Kademi ko Balare ba ya da lokacin jira ya ga abin da gari zai waye da shi.

In mai ciwo ba ya iya gama magana sai ya yanke ya ja numfashi, ko leɓɓansa da harshensa sun sake launi sun yi duhu, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa da ramin wuyansa tana shiga ciki in ya ja iska, ko yaro ya kasa shan nono, ko ya fara gyangyaɗi da ruɗewa, to, a nemi abin hawa nan da nan, ko da tsakar dare ne. In fiton ya yi shiru alhali mutum yana ta fama, ba sauƙi ba ne, iska ce ta kusa daina shiga. A zaunar da shi, kada a kwantar. Kada a yi masa hayaƙi ko turare, kada a ɗura masa komai a baki, jama'a kuma su ja baya. A ba shi shuɗin inhela ta cikin gora, fesa ɗaya bayan ɗaya: babba 4 zuwa 10, yaro ƙasa da shekara 6 kuwa 2 zuwa 6. A maimaita bayan kowane minti 20 ana cikin tafiya. A kan babur, wani ya zauna bayansa ya riƙe shi. A tafi da duk magungunan da yake sha, har da kwalayensu, a nuna wa malamin asibiti.